Raba waya da intanet a tsakiyar kwantiragi: abin da ya faru da wani gida a Manchesta

Gidan na mutanen Kano ne mazauna kudancin Manchesta: miji da mata da yara uku. Uwargidan ma'aikaciyar jinya ce, ita ta fara zuwa Ingila, daga baya iyali suka biyo ta. Maigidan yana aiki a wani rumbun ajiyar kaya, a gefe kuma yana da 'yar sana'arsa ta tara wa mutane kaya yana aika musu gida, daga akwatin tufafi zuwa keken ɗinki. A katin da yake rabawa a masallacin Juma'a da wuraren suna akwai lambar wayar girke mai farawa da 0161, wato lambar yankin Manchesta. Ya ce mutane sun fi sakin jiki su damƙa kayansu ga mai lambar gida a kan mai lambar salula kawai, kuma na yarda da shi.

A ƙarshen 2023 kamfanin da ke ba su intanet ya kira uwargida, domin da sunanta aka buɗe asusun. Tsohon kwantiraginsu ya ƙare, sai aka yi mata tayin sabo na wata 24: intanet ɗin gida, da wayar girke, da layukan salula biyu, duk a takardar biyan kuɗi guda, da rangwame a kai. Tana shirin fita aikin dare ta amsa. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, kuma ba shi kaɗai ke irin wannan haɗin ba. Tun da kamfanin sadarwa na BT ya sayi EE a 2016, Virgin Media da O2 kuma suka haɗe a 2021, manyan kamfanonin Birtaniya suka koma sayar da komai a dunƙule, saboda wanda ya ɗaura abu uku a wuri ɗaya ba ya saurin tashi.

Matsalar ta taso a farkon 2025, kuma buƙatu biyu ne daban, ko da yake su a lokacin abu ɗaya suka ɗauke su. An mayar da uwargida wani sashe na asibiti inda layinta ba ya kamawa sai ta fito harabar waje, ga mahaifiyarta a ƙauye da ƙaramar waya marar WhatsApp, dole sai kiran kai tsaye, wanda kamfanin ke caja da tsada. Abokan aikinta suna amfani da ƙananan kamfanoni irin su Lebara da Lycamobile, waɗanda suka yi suna wajen sauƙin kiran ƙasashen waje, ita ma tana son komawa irinsu ba tare da ta rasa lambarta ba. Shi kuma maigida ya ji labarin kamfanonin wayar intanet, waɗanda za su ɗauki lambarsa ta 0161 su sa ta riƙa ƙara a salularsa duk inda yake, ko yana rumbu ko yana filin jirgi. Intanet ɗin gida kuwa babu mai ƙorafi a kansa. Yara na karatu da shi, yana gudu lafiya, kuma saura watanni da dama kwantiragin ya cika.

Tunanin da suka zo da shi daga gida shi ya fara ruɗa su. A Najeriya kusan kowa kati yake sa wa, ba wanda ya ɗaure shi. In layi ya gaji da kai ko ka gaji da shi, ka sayi wani ka zura a rami na biyu na wayar. Mai son tafiya da lambarsa ma yana da hanya tun watan Afrilun 2013, lokacin da hukumar NCC ta buɗe tsarin ƙaura da lamba: ka je ofishin sabon kamfani da shaidarka, ka tura kalmar PORT zuwa 3232. Na'urar intanet ta gida ita ma nata layin daban, wata ya ƙare ka ga dama ka sabunta, ka ga dama ka bari. A Birtaniya abin da ka amsa ta waya alƙawarin biya ne na watanni, kuma yana bin ka ko ka daina amfani da kayan.

Da aka baje takardun a tebur, sai ga shi abin da suke kira kwantiragi ɗaya yarjejeniya biyu ce da wani sharaɗi da ya ratsa tsakaninsu. Intanet da wayar girke suna cikin yarjejeniya guda ta wata 24. Layukan salula suna da tasu ta wata 12, wadda ta riga ta cika, ta koma ta wata-wata. Rangwamen kuma shi ne zaren da ya ɗinke su: an rage kuɗin intanet muddin akwai aƙalla layin salula ɗaya mai rai a asusun, an kuma rage kuɗin layi na biyu saboda shi na biyu ne. Duk wannan yana rubuce a taƙaitaccen bayanin kwantiragi, takardar da Ofcom, hukumar kula da harkar sadarwa ta Birtaniya, ta wajabta wa kamfanoni su ba mutum kafin ya amince tun watan Yunin 2022. Tana nan a imel ɗin uwargida, ba a taɓa buɗe ta ba.

Ɓangaren salula

Wannan bai ba da wahala ba, domin doka ta share hanyar. Tun 1 ga Yulin 2019 mai son barin kamfanin salula a Birtaniya ba ya buƙatar ya kira kowa a tsaya ana lallashinsa. Ya tura INFO zuwa 85075 a faɗa masa ko akwai sauran kuɗin fita a kansa. Ya tura PAC zuwa 65075 a ba shi lambar ƙaura idan yana son tafiya da lambarsa, ko STAC zuwa 75075 idan sabuwa zai ɗauka. Lambar ƙaurar tana aiki kwana 30. Ya miƙa ta ga sabon kamfani, washegarin ranar aiki layi ya koma, tsohon kuma ya mutu da kansa, ba a kuma yarda tsohon kamfani ya caje shi kuɗin wa'adin sanarwa bayan ranar ƙaura ba.

Uwargida ta tura saƙon, amsar da ta dawo ta ce ta shiga asusunta ta intanet, domin asusun da ke ɗauke da layi fiye da ɗaya ba kullum saƙon tes ke wadatar da shi ba. Can ta ga kuɗin fitarta sifili ne. Wayar hannunta ma ba a kulle take ba, an hana kamfanoni sayar da waya a kulle tun Disambar 2021. Abin da shafin bai fito da shi fili ba shi ne makomar layin maigida. Da nata ya tafi, nasa ya tashi daga na biyu ya zama na farko, rangwamensa ya faɗi, kuɗinsa ya ƙaru da 'yan fam a wata. Amma kasancewarsa a asusun ya riƙe wa intanet nasa rangwamen, wanda ya fi girma. Da su biyun suka tashi tare, kamar yadda maigida ya so da farko, da sun rasa duka biyun har ƙarshen kwantiragi. Suka lissafa abin da take kashewa wajen kiran ƙauye, suka ga ko da ƙarin kuɗin layinsa riba na nan. Ta zaɓi ranar Talata da ba ta aiki, saboda a ranar ƙaura layi kan yi 'yan sa'o'i yana rawa, saƙon lambar sirri daga banki na iya ɓacewa a hanya, kuma ba a yin ƙaurar Asabar da Lahadi. Kafin la'asar sabon layi ya kama, lamba ba ta canza ba, WhatsApp bai ma san an yi ba.

Ɓangaren wayar girke

A nan ne aka kusa yin ɓarna. Ganin yadda na uwargida ya tafi sumul, maigida ya cike takardar ƙaura ta wani kamfanin wayar intanet da daddare, ya sa lambar 0161, ya biya kuɗin rajista. Bayan kwana biyu saƙo ya shigo wa uwargida daga tsohon kamfani, ana nuna baƙin cikin rabuwa da ita, ana sanar da ranar da za a yanke wayar girke da intanet gaba ɗaya, ga kuma kuɗin fita na sauran watanni a ƙasa. Ta kira shi daga wurin aiki: "Maigida, me ka taɓa? Sun ce za su yanke mana intanet." Shi kuwa ya rantse bai nemi a taɓa intanet ba, kuma gaskiya ya faɗa.

Dalilin yana cikin yadda aka gina layin. Yawancin turakun waya da wayoyin da ke ƙarƙashin titunan Birtaniya na kamfanin Openreach ne, wani reshe na rukunin BT, sauran kamfanoni haya suke yi a kai. A tsohon tsari, wayar tagulla da ta shigo gida layin tarho ce tun asali, lambar ita ce shaidar layin, intanet kuma ɗora shi aka yi a kai daga baya. Kamar jaki ne da mangala: lambar ita ce jakin, intanet kayan da ke bayansa, in aka ja jakin zuwa wani gida kayan ba su da abin tsayawa. Saboda haka buƙatar ɗauke lamba, a wurin na'urorin kamfani, umarni ne na rufe layin. Da layin ya rufu intanet ya tafi, kuma tunda mai gida ne ya jawo rufewar kafin wa'adi, tarar karya kwantiragi ta hau kansa. Gidan nan sun shiga tun kafin a canza tsari, sabuntawar 2023 kuma a kan tsohon layin aka yi ta, don haka suna cikin wannan rukuni.

Tsarin yana kan canzawa. Tun 5 ga Satumbar 2023 Openreach ya daina sayar da sababbin layukan tarho na tsohon yayi a faɗin ƙasar, kuma an tsayar da ƙarshen Janairun 2027 a matsayin lokacin rufe tsohuwar hanyar tarho baki ɗaya, bayan an ɗaga daga Disambar 2025. A sabon tsari intanet ne tushe, ko ta tagulla marar lamba da ake kira SOGEA, ko ta zaren faiba har cikin gida, waya kuma a jikin na'urar intanet ake jona ta. A fasahance raba su ya zama mai yiwuwa. Sai dai ko a sabon tsarin akwai kamfanonin da suka rubuta waya da intanet a matsayin kaya ɗaya, ɗauke lamba a wurinsu har yanzu rufe asusu ne. Shi ya sa tambayar da ya kamata a yi wa kamfani, a kuma nemi amsarta a rubuce, ita ce: idan na ɗauke lambar nan zuwa wani wuri, me zai sami intanet ɗina, kuma nawa za ku caje ni?

Abin da ya cece su shi ne ƙaurar lambar girke ba ta kwana ɗaya ba ce kamar ta salula, tana ɗaukar kwanakin aiki da dama. Kuma mai iko da soke ta shi ne sabon kamfanin da ya nema, ba tsohon ba. Uwargida ta fara kiran tsohon, suka ce hannunsu a ɗaure yake. Maigida ya kira sabon, suka janye buƙatar kafin ranar, sannan aka sake kiran tsohon aka tabbatar umarnin yankewa ya sauka daga asusun, aka nemi su turo tabbacin ta imel. Kuɗin rajistar da ya biya ne kawai ya tafi.

Girman abin da suka tsallake yana da sauƙin lissafi. A ce kuɗin wata fam 35 ne kuma saura wata 9, jimla fam 315 ke nan. Kamfanoni kan rage wani abu daga ciki, kamar haraji da kuɗin da suka huta kashewa, amma abin da ya rage ba ƙarami ba ne ga gidan da ke aika kuɗi Kano duk wata, ga kuma kwanakin zama ba intanet kafin a haɗa sabo. Wani maƙwabci ya ba su shawarar in tarar ta zo su je banki su tsayar da izinin cirar kuɗi, kamfani ya yi ta kansa. Wannan shawara ce mai cutarwa, kuma ina jin ta da yawa a tsakanin mutanenmu. Bashin ba ya mutuwa, ana miƙa shi ga masu karɓar bashi, a kuma rubuta shi a kundin tarihin bashin mutum a wurin kamfanoni irin su Experian da Equifax, inda tabon ke zama shekara 6. Ma'aikaciyar jinya da ke fatan samun bashin sayen gida nan gaba ba za ta so ta ɓata sunanta a kan kuɗin intanet ba.

Maigida ya kawo wata hujja da yake ganin za ta fitar da su kyauta: ai kamfanin ya ƙara musu kuɗi a tsakiyar kwantiragi. Haka ne, an ƙara. A bazarar 2024 kamfanoni da dama sun ƙara kashi 7.9 cikin ɗari, wato ma'aunin hauhawar farashi da ƙarin kashi 3.9, shekarar da ta gabace ta ma wasu sun kai kashi 14.4. Amma ƙarin da aka rubuta a kwantiragi tun ranar amincewa ba ya buɗe ƙofar fita. Wanda ke buɗewa shi ne canjin da ba a faɗa ba tun farko. Ofcom ta hana wannan salon ɗaura farashi a kan hauhawar da ba wanda ya san adadinta daga 17 ga Janairun 2025, ta ce a rubuta ƙarin da fam da kobonsa, sai dai hanin ya shafi sababbin kwantiragi ne, nasu na 2023 yana nan a tsohon sharaɗi.

Hanyoyin da suka rage huɗu ne, kuma biyu daga ciki ba su daɗe a tebur ba. Tashi gaba ɗaya zuwa wani kamfani ya yi sauƙi tun da aka fara tsarin One Touch Switch a 12 ga Satumbar 2024, inda sabon kamfani kaɗai za ka tuntuɓa shi ya yi sauran, amma sauƙin hanya bai goge kuɗin fita ba, kuma su ba intanet suke gudu ba. Karkatar da kiran wayar girke zuwa salula yana yiwuwa, sai dai mai gida ke biyan kuɗin kowane kiran da aka karkatar. Ta uku ita ce wadda kamfanin da kansa ya miƙo: a mayar da su sabon tsari yanzu, amma da sabon kwantiragin wata 24, kuma ma'aikacin da suka yi magana da shi bai iya ba su tabbaci a rubuce cewa lambar za ta fita ba tare da ta ja intanet ba. Ta huɗu ita ce haƙuri da dabara, ita suka ɗauka. Maigida ya karɓi sabuwar lambar 0161 daga kamfanin wayar intanet a kan kuɗi kaɗan, ya sa ta a sababbin katuna tare da tsohuwar, tsohuwar kuma ta ci gaba da ƙara a falo har wa'adi ya cika.

A ganina dabarar ta yi daidai, amma ba zan wanke kamfanoni ba. Gaskiya ne takardar tana imel ba a karanta ba, wannan nasu ne. Sai dai mutumin da ya cike takardar ƙaurar lamba bai kamata ya fara jin cewa intanet ɗinsa zai tafi daga wasiƙar ban kwana ba. Kamfanin da ke karɓar lambar ya san wannan haɗarin sarai, wanda ke sayar da haɗin ma ya sani, kuma a lokacin tallar ba wanda ya ce wa matar nan lambar gidanta da intanet ɗinta ba sa rabuwa. Waɗanda abin ya fi ci su ne baƙi sababbin zuwa da tsofaffi, masu riƙe da lambar girke don dalili mai ƙarfi. Akwai ma wani abu da ba a cika faɗa musu ba: wayar sabon tsari ba ta aiki in wuta ta ɗauke, saɓanin tsohuwar da ke samun wutarta daga layi. Ofcom ta ce kamfani ya tanadar wa wanda ya dogara da wayar girke hanyar kiran lambar gaggawa 999 ta aƙalla sa'a ɗaya in hakan ta faru, amma sai an san halin da mutum yake ciki, don haka mai tsoho ko marar lafiya a gida ya faɗa da bakinsa.

Yadda aka ƙarasa

Kamfanoni wajibi ne su sanar da mutum tsakanin kwana 10 zuwa 40 kafin kwantiraginsa ya cika, doka ce tun Fabrairun 2020. Da sanarwar ta iso a ƙarshen 2025, an riga an ja faiba a titinsu. Wannan karon jerin matakan aka fi kula da shi. Sun nemi sabon kamfani ya haɗa musu faiba a matsayin sabon layi mai zaman kansa, ba tare da waya ba, ba kuma tare da ya taɓa tsohon ba. Ma'aikaci ya zo ya huda bango kusa da ƙofa, ya liƙa ƙaramin farin akwati, fitilunsa suka koma kore. Sai da yara suka yi kwanaki suna amfani da shi, ranar cikar tsohon kwantiragi kuma ta wuce, sannan maigida ya sake cike takardar ƙaurar lambar. Abin da ya zama barazana a farkon shekara shi ya yi musu aiki yanzu: fitar lambar ta rufe tsohon layin da intanet ɗinsa, ba tara. Sun biya kamfani biyu na ɗan lokaci, da saninsu. Doka ta ba mutum damar neman lambarsa har wata ɗaya bayan rufe layi, amma ba su so su dogara da wannan ba, domin dawo da lambar da ta riga ta mutu ya fi ɗauke mai rai wahala.

Layin salular maigida shi ne na ƙarshe da ya tashi, da lambar PAC, tunda babu sauran rangwamen da yake riƙewa. Tsohon kamfani ya turo jakar mayar da na'urarsa ta intanet, da gargaɗin caji in ba a mayar ba. Uwargida ta kai ta gidan waya, ta karɓi rasit, ta ɗauki hotonsa. Takardar kuɗi ta ƙarshe ta zo da cajin wata cikakke maimakon na kwanakin da aka yi amfani da su, ta rubuta musu ta imel da ranar da lambar ta fita, suka gyara, suka mayar da ragowar cikin asusunta na banki.